ZANCEN KIWO: Wace Tunkiya Ta Dace Da Sabon Shiga?

Zuwa ga Edita. Ga ni na sake hallara a ɗan filin nan da ka saba ba ni. A makon jiya na yi alkawari zan yi magana a kan ajiyar harawa, amma ina roƙon jama'a su yi mini aikin gafara, don wata takarda ta zo mini daga ƙasar Gwaram wadda na ga bai kamata ta kwana biyu ba amsa ba.

Mai takardar wani saurayin malamin makaranta ne. Ya ce shekara biyu ke nan yana zubin adashi daga ɗan albashinsa, yanzu kwasa ta zo kansa, yana so ya sa kuɗin a tumaki uku ko huɗu. Amma shi tun da safe ya ke fita, ba ya komowa sai bayan azahar, saboda haka mai ɗakinsa da 'ya'yansa ƙanana biyu da tsohuwarsa su ne za su wuni da dabbobin a gida. Abokansa sun raba masa hankali biyu, waɗansu sun ce Balami, waɗansu sun ce Uda. Ya rufe takardarsa da cewa, "Baba, ni ban taɓa riƙe igiyar tunkiya ba. Ka zaɓa mini wadda ba za ta tunkuyi yarana ba, ba kuwa za ta cinye mini adashina ba."

To, Malam, na gode da ka ɗauke ni uba. Kafin in ba ka amsa bari in tona asirin kaina, don ka san wanda ke ba ka shawaran nan shi ma ya sha dukan abin.

Sa'ad da na fara aiki nan Birnin Kudu, ina da ƙuruciya, ina da son a ce, na tara 'yan kuɗina kamar yadda ka tara naka. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta fi shekara talatin tana kiwo a bayan ɗakinta, ta ce mini, "Malam, ka sayi 'yan ƙasa mata biyu, in Allah ya sa albarka ka ga garke." Na ce, "To, Iya," amma a zuciyata na ce ina ni ina 'yan ƙananan tumakin tsofaffi. Ran kasuwa na shiga kara, wani dillali ya hango ni da alkalami a aljihu, ya san ya sami nama. Ya jawo mini wani Balami fari fat, tsayinsa ya kusa kai mini ƙugu, ya shafa kansa, ragon ya sa baki a tafin hannunsa. Ya ce, "Malam, dubi hali! Wannan a ɗaka aka rene shi, da yara ya ke kwana." Na juye masa kuɗin duka, har da la'ada, na jawo rago ina tafe ina waiwayen masu kallona.

Gaskiya dillalin ya faɗa, a ɗaka aka rene shi, kuma nan masifar ta ke. Bai cika wata guda a gidana ba, ran nan ƙanwar mai ɗakina, yarinya 'yar shekara bakwai, ta sunkuya za ta zuba masa dusa. Ya ja da baya. Ita ba ta san ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya kwashe ta ya haɗa da garu, sai da ta yi mako biyu ba ta ɗaga hannu ba. Tun daga ran nan ba mai kusantarsa sai ni, ni kuwa ina wurin aiki, ya wuni da ƙishirwa. Ga ci kamar gara, harawar da na yi tsammanin za ta kai ni bazara ta ƙare tun sanyi bai fita ba. Damina na sauka ya fara ɗingishi, ya rame, na sayar da shi ga mahauci a bakin abin da bai kai rabin kuɗina ba. Iya kuwa, a wannan shekarar, tumakinta uku suka zama bakwai. Ba ta ce mini kome ba, sai dai in mun haɗu a ƙofar gida ta ce, "Malam, ina labarin sarkin raguna?"

Yanzu ga amsarka a taƙaice, sa'an nan in kawo dalili. Ka sayi 'yan ƙasa, mata, uku. Kada ka sayi rago tukuna.

Tumakin da ke shiga kasuwanninmu, daga Sara har Wudil da Maigatari, manyan irinsu uku ne. 'Yar ƙasa kowa ya san ta: fara ce, da baƙi kewaye da idanu kamar ta sa kwalli, da baƙi a kunne da baki, wani lokaci har ƙafafu. Kunnuwanta gajeru ne, ba su zuba ƙasa. Macen ba ta da ƙaho, namijin yana da ƙaho mai lanƙwasa da geza a wuya da ƙirji. Babbar mace takan yi kilo 25 zuwa 40, rago 30 zuwa 45. Ita ce ta fi kowane iri yawa a Nijeriya, har masana da ke rubutu da Turanci ba su sake mata suna ba, Yankasa su ke ce mata. Uda kuwa doguwa ce, mai dogayen ƙafafu da zubabbun kunnuwa, gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, kamar an raba ta da igiya a tsakiya, ƙahon ragonta ya bazu hagu da dama yana murɗewa. Balami shi ne babbansu duka, fari, mai gantsararren hanci da faffaɗan kunne, asalinsa ƙasar Barno da kewayen tafkin Cadi. Akwai kuma gajerun tumakin kudu, amma ba su cika zuwa mana ba, ba sai na ɓata fili a kansu ba. Haka nan manyan ragunan Ladum na ƙasar Sanigal da samari ke nuna wa juna hotunansu a waya, wannan kiwon attajirai ne, ba na mai adashi ba.

Ba na kushe Uda, ba na kushe Balami. Mai turka rago don kasuwar Babbar Salla, wanda ya san hannunsa, yana da rumbun dusa da kowa, Balami zai fi cika masa aljihu. Amma kai tambayarka dabam ce.

Dubi ƙasar da ka ke zaune. Mu nan kudancin Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram, mun fi Gumel da Maigatari samun ruwan sama nesa ba kusa ba, ga fadamu, ga kogin Bunga da ke ratsa ƙasar Gwaram. Abin da ya zama albarka ga manomin shinkafa shi ne wahalar tunkiyar sahel. Uda da Balami dabbobin busasshiyar ƙasa ne, inda rairayi ke shanye ruwa nan da nan. In suka zo inda laka ke kwana a turke, kofatonsu yakan yi taushi ya ruɓe, tsutsar ciki kuma, wadda ƙwanta ke ƙyanƙyashewa a jiƙaƙƙiyar ciyawa, takan fi kā da su. 'Yar ƙasa ma tana kamuwa, kada wani ya ce na ce ba ta ciwo, amma kaka da kakanni a nan ta tashi, ta fi jurewa. Sa'an nan cikinta ƙarami ne. Abin da Balami ɗaya zai lashe ya ishi 'yar ƙasa da ɗanta.

Sai maganar hali, wadda ita ce ta fi damunka, ni ma ita ta fi damuna. Lalle iri yana da nasa rabo a ciki, amma reno ya fi iri. Yawancin Udar da ka ke gani a kara daga garken Fulani ta fito, ta saba da tafiya mai nisa cikin ɗaruruwan 'yan'uwanta, ta san muryar makiyayinta kaɗai. Ka raba ta da su, ka ɗaure ta a turke tsakanin garu huɗu, sai ta kwana uku tana kuka tana fizgar igiya, ta ƙi ci, yaro ya gifta ta zabura. Ba mugunta ba ce, baƙunta ce. 'Yar ƙasar da ta fito daga hannun matan ƙauye kuwa, an haife ta kusa da murhu, ta saba da ƙarar turmi da gudun yara da kaji, igiya ba baƙuwarta ba ce. Don haka in ka sami hali kada ma ka je kara. Ka tambaya a unguwarku, ko Kila, ko Basirka, ko Farin Dutse, wace mata ce za ta rage tumakinta. A nan za ka ga uwar tunkiyar da idonka, ka ji ko tana haifan tagwaye, ka ji ko tana da nono. Dillali ba zai gaya maka wannan ba, sau da yawa shi ma bai sani ba.

Kada kuma mu raina hankalin dabban nan. Mun saba zagin mutum da tunkiya, amma a 2001 waɗansu masana a kusa da Kembirij ta ƙasar Ingila sun gwada, suka tarar tunkiya tana iya riƙe fuskokin 'yan'uwanta hamsin har shekara biyu, a 2017 kuma waɗansu a jami'ar garin suka nuna tana gane fuskar mutum ko a hoto. Watau wanda ya zuba mata dusa ta san shi, wanda ya jefe ta da takalmi ma ta san shi. Ka gaya wa yaranka haka. Hanyar sabo da ita ba wuya: mutum ɗaya ya riƙa ba ta abinci a lokaci ɗaya kullum, da kira iri ɗaya, a tsuguna a miƙa mata 'yar dusa a ƙwarya, a sosa ta a ƙarƙashin haɓa ko ƙirji. Ba a bin ta da gudu, ba a kama ta ta kunne ko ta ƙafa ɗaya. Kafin mako biyu za ka ga tana bin mai ɗakinka har bakin madafa.

Amma fa wannan duka ga mace na ke faɗa. Ga rago abin a juye ya ke, kuma in ba ka riƙe kome a takardan nan ba ka riƙe wannan. Ragon da ya fi haɗari shi ne wanda aka rena a hannu, aka yi ta wasa da shi yana ƙarami, yara suna tura goshinsa suna dariya. Shi rago da goshi ya ke neman girma a cikin 'yan'uwansa. In ya daina jin nauyin mutum, sai ya ɗauki mutum ɗan'uwansa rago, ranar da ƙarfinsa ya kawo ya nemi ya gwada. Ba zai fara da kai ba, da yaro zai fara, ko da tsohuwarka sa'ad da ta juya baya tana alwala, tsohon ƙashi kuwa in ya karye ba ya saurin ɗoruwa. Abin da na gani a hannun dillalin nan na ce hali ne, ashe alamar haɗari ce. In tumakinka suka haifa maka namiji, a bar shi wurin uwarsa, kada a shafa masa kai, kada a koya masa karo, in ya tasa a ware masa turkensa inda yara ba su bi.

Za ka ce, to, in ba rago ina haihuwa? Rago ɗaya yana isar mata ashirin har fiye, ashe ciyad da shi shekara guda saboda mata uku hasara ce. Tunkiya takan nemi barbara kamar kowane kwana 17 in ba ta da ciki, za ka ji ta tana yawan kuka tana kaɗa wutsiya. Ka aro ragon maƙwabci na 'yan kwanaki, ka ba shi abinci, ka mayar da godiya. Sai dai ka duba lafiyarsa, kuma kada ka yi ta aron guda ɗaya har ya zo yana hawan 'ya'yansa, don iri yakan lalace. Cikinta wata biyar ne. In tana ƙoshi, haihuwa uku a shekara biyu ba abin mamaki ba ne ga 'yar ƙasa. In ka ƙware, bayan shekara biyu ko uku, kana iya kawo ragon Balami ko Uda a kan manyan matanka ka sami ruwa biyu masu jiki. Ban da 'yan ƙananan da ba su taɓa haihuwa ba, kada ɗa ya yi musu girma.

Na ce uku, ban ce ɗaya ba, don tunkiya dabbar taro ce. Guda ɗaya tilo ba ta samun natsuwa, ta hana unguwa barci. Huɗu ma da ka ambata na rage ɗaya da gangan, kuɗin ta huɗun shi ne na harawa da dusa da magani. Abin da ya kashe ni ke nan, na sayi baki ban sayi abin sa masa ba.

In ya zama dole sai kasuwa, tafi da wanda ya sani, kuma ka buɗe bakin dabba da hannunka. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. In duka ƙanana ne farare, haƙoran nono ke nan, ba ta cika shekara ba ko kuwa yanzu ta cika. In manya biyu sun fito a tsakiya, tana tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi. Manya huɗu, wajen shekara biyu. In takwas ɗin duka manya ne ta kai huɗu ko ta wuce, in sun fara gibi suna kaɗawa kuwa, bar wa mahauci. Kai mai biyu ko mai huɗu za ka nema, in da hali wadda ta taɓa haihuwa sau ɗaya, don ta riga ta koyi reno, ba ku taru ku biyu kuna koyo ba. Sa'an nan ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba. In ja ce jawur, da jini a jikinta. In ta yi fari fat, tsutsa ta shanye ta, balle in ka ga ƙarƙashin haɓa ya kumbura kamar an ɗura ruwa. Duba hanci ko da majina, duba gindin wutsiya ko da zawo, shafa hantsa ka ji ko da ƙullutu, sa a ja ta ta yi tafiya ka ga sawunta. Kada tulun ciki ya ruɗe ka, akwai masu ɗura wa dabba ruwan kanwa da dusa da asuba, mai saye ya yi ta kallon kitse ga rogo. Ƙashin baya za ka taɓa, nan gaskiya ta ke. Lokacin saye kuma, kauce wa makonnin gabanin Babbar Salla. Farkon damina, sa'ad da manoma ke sayad da dabba don taki, mata sukan yi sauƙi, amma sai in kana da rumfa busasshiya tukuna. In babu, jira kaka, ga harawa ga araha.

Ka kawo su gida, in akwai awaki ko tumakin wani a gidan, ware baƙin nesa har mako uku. Dalili shi ne wata annoba da likitocin dabbobi ke kira PPR, ƙanwar bushiyar shanu ce. An fara gane ta a ƙasar Kwaddebuwa a 1942. Takan zo da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, ta share turke cikin kwana goma, kuma a kasuwa aka fi kwaso ta. Bushiya dai an yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011, ita ma wannan hukumomin duniya sun sa 2030 a gaba don kawar da ita. Ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi, ana kuwa yin allurar a ƙasarmu, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924. Ka je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ka tambayi ranar da za a yi, shi ne kuma zai auna maka maganin tsutsa gwargwadon nauyin dabba, farkon damina da tsakiyarta da ƙarshenta. Kada ka biye wa masu tallan allura a kan tabarma. Wanda ke son ya zurfafa, cibiyar binciken kiwo ta Shika, kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana aiki a kan 'yar ƙasa musamman.

Abinci kuwa duk yana kewaye da kai: harawar wake da ta gyaɗa, kowar wake, dusar dawa da ta gero da ta masara, 'ya'yan gawo da rani, 'yar kanwa ko gishiri, da ruwa mai tsabta kullum. Abu uku na ke so mai ɗakinka ta kiyaye, tun da ita ce mai kiwon na gaskiya. Kada a juye musu hatsi ko ragowar tuwo mai yawa gaba ɗaya, yakan yi tsami a tumbi, ciki ya kumbura, dabba ta mutu kafin ka taso daga makaranta. Kada a ba su abincin kajin gidan gona, akwai sinadarin tagulla a ciki wanda ke taruwa a hantar tunkiya. Na uku leda. Tsofaffinmu ba su san wannan ciwo ba, amma yau kowane mahauci zai gaya maka irin dunƙulen da ya ke fitarwa daga tumbi. Tunkiyar da ta ci leda ba ta mutuwa yau, sai ta yi ta ramewa tana ci, kana ta sayen magani a banza. A share tsakar gida, a ɗaure da damina kada su shiga gonar mutane a kai ka gaban mai unguwa, a bar su su sha iska in rana ta busad da raɓa.

Ranar haihuwa ba a son taro. A duba dai ɗan ya kama nono a sa'o'in farko ya sha dakashi, a goge masa cibiya da aidin, a bar uwa ta lashe abinta. Takin da za ka share daga turke kuwa kada ka ba kowa, ka kai bayan gida inda ka ke shuka kuɓewa.

Wata shawara kuma wadda ba ka tambaya ba. Cikin ukun nan ka ce ɗaya ta mai ɗakinka ce, ita da abin da ta haifa, ka faɗa a gaban shaida. Ni sai da na yi haka, a karo na biyu, bayan na koma wurin Iya na sunkuyad da kai ta zaɓa mini biyu daga cikin nata, sa'an nan na daina komowa daga aiki in tarad da kwano ba ruwa.

Ka rubuto mini bayan watanni shida in ji yadda suka karɓi gidan, da yadda tsohuwa ta same su. Ka gai da ita ƙwarai. Masu jiran maganar harawa kuma, in Allah ya kai mu mako mai zuwa ina tafe da ita. Wassalam.

Naku,
Tsohon Malami Mai Turke,
Birnin Kudu.